Iyakar Gonar Baba

A tashar Funtua, ana jiran motar Danja ta cika, Awaisu yana ta jujjuya tsohuwar kyamarar fim da ya sayo a gwanjo can inda ya yi karatu. Dattijon da ke gefensa ya leƙo.

"Samari, batir ne ya mutu?"

"Ba ta cin batir, Alhaji. Wana ta ake yi kamar agogo. An wanko fim, hoto ya fito tas, murya ce babu."

"Ta ina maganar ke shiga?"

Awaisu ya duba gaba da baya, ya leƙa ƙarƙashi. Ko huda bai gani ba.

"Ashe kurma ka sayo," in ji dattijon. "Me ka ɗauka?"

"Mahaifinmu. Na kai shi gona ya faɗi iyakar kowa, don kada mu yi rigima da yayyena."

"Ka sake kai shi, ka ɗauka da waya."

"Ya rasu da azumi."

"Allah ya jiƙansa. Amma ai ya nuna da hannu ko?"

Awaisu ya mayar da kyamarar cikin jaka, ya ja zif.

"Fuskarsa kawai na ɗauka, Alhaji. Hasken ya fi kyau a kan fuskar."