Sirrin Uba Ya Kwantar Min da Ɗa

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Talatu daga Makera.

An sallami maigidana daga masaƙa, ya ɓoye min, kullum sai ya fita kamar mai zuwa aiki. Ɗanmu Habu, mai shekara goma sha biyar, ya gan shi zaune a tasha. Uban ya ce, "In ka gaya wa uwarka, ban yafe ba."

Yaro ya daina ci, ya daina barci, har ya faɗi a makaranta. Likita ya ce damuwa ce. A gadon asibiti ya gaya min komai yana kuka.

Uban kuwa cewa ya yi, "Yaro ina ya san damuwa?"

Jama'a, ku ba ni shawara, da wane ido zan kalli mutumin nan?