Mai Gangar Noma Zai Hau Dandamali

A tashar Bici muna jiran mota ta cika. Wani dattijo ya rungume ganga a cinya, kusa da wata mai buhun gyaɗa.

"Baba, biki za a?" in ji matar.

"Ina fa, 'yata. Taron wani kiɗan zamani da ake ce wa jaz aka kira ni a Kano, wai manyan makaɗa da yara masu tasowa. Sun haɗa ni da wani saurayi, Basiru, mai busa ƙahon Turawa. Ni kuwa ji nake kamar in sauka in koma gida."

"Don me?"

"Shekara arba'in ina kiɗan noma. Garmar manoma nake kallo, in ta sauka in buga. Tun da abinci ya yi tsada ba mai kiran gayya, shi ya sa na amsa. To a dandamali garmar wa zan kalla? Kunya zan sha."

"Kun gwada?"

"Sau ɗaya."

"Shi yaron, wa yake kallo?"

Dattijon ya dubi hannunsa.

"Hannuna. Ko ƙiftawa ba ya yi."

"To Baba, in ka sauka, shi kuma ya kalli wa?"

Ya yi dariya, ya gyara zaman gangar.

"Direba, saura mutum nawa ne wai?"