Windon da Ya Ƙi Hawa Kwamfutar Baban Hannatu

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, Maman Hannatu mai busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari. In kun ga ina magana ina yamutsa fuska ku yi haƙuri, abin da na gani ne har yanzu yake tayar mini da zuciya.

Marigayi maigidana, Baban Hannatu, ya daɗe yana jagorantar mawaƙan ikilisiyar nan. Duk waƙar da ya tsara, sai ya rera ta ya ɗauka a tsohuwar kwamfutarsa ta tebur. Muryarsa ba ta a waya, ba ta a kaset, tana cikin akwatin nan kaɗai. Da ya rasu na kasa kallon kwamfutar. Na naɗe ta da atamfa mai kyau da na saya a Kantin Kwari, na kai ta ɗakin ajiya don kada a taɓa. A ɗakin kuma nake jibge kwalayen kifina.

Da auren Hannatu ya matso, ta ce abu ɗaya take so: waƙar babanta ta raka ta shiga coci. Muka fito da kwamfuta muka kunna, ta nuna wani rubutu ta cije a nan.

Sai ga Bitrus, ƙanen maigidana, wanda tun da na shigo gidansu ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ya ce windo ne ya lalace, wato babbar manhajar da kwamfuta ke tashi da ita, zai sa mata sabo. Ya soka filash, ɗan abin da sabon windon ke ciki, allo ya yi haske, ta ɗan yi gurnani, sai ɗif ta mutu. Ya ce filash ɗin ne, ya canza wani. Ya ce wuta ce ba ƙarfi, muka jona a janaretan maƙwabci. Kullum a wuri ɗaya take mutuwa, kuma duk kunnawa sai wani wari ya fito ta bayanta. Bitrus ya ce warin tsufa ne. Ni da nake wuni cikin ƙarnin kifi, sai da na toshe hanci.

Wata 'yar'uwa daga zumuntar mata, tana nan zaune, ba zan nuna ta ba, ta ce aikin maƙiya ne. Ta ciro kwalbar man zaitun. Maimakon ta ɗan shafa a sama, sai ta tsiyaya ta ramukan iska. Ni ma na ce amin, da ƙarfi kuwa. Da aka kunna, warin ya koma kamar ana soya abin da ya ruɓe.

'Yan'uwa, na yi azumi saboda windo! Na roƙa ya hau, ya ƙi. Na yi fushi da Ubangiji, na ce ya ɗauke mini miji, ɗan wannan ma ya hana ni.

Daga ƙarshe na sa Bitrus ya ɗauko akwatin, muka hau adaidaita sahu zuwa Fagge wurin wani mai gyara, Malam Kabiru. A hanya warin na bugun fuskata, sai na sunkuyar da kai na ce, "Ya Ubangiji, na daina koya maka aikinka. Muryarsa kawai nake roƙo, ka bi ta inda ka ga dama."

Malam Kabiru ya kwance murfi. Kyankyasai suka watso, manya da 'ya'yansu, wasu a teburinsa, wasu a zanena. Ciki kuwa ƙwayayensu ne jere, da kashin ɓera, da ƙayar kifi, duk sun jiƙe sharkaf da man zaitun sun zama baƙin kwaɓi. Wani da ke cin shinkafa da wake a bakin shagon ya rufe kwanonsa ya tashi. Ni ban kai bakin kwata ba na yi amai. Ƙyama ta kama ni, ga kunya, a ce cikin wannan ƙazanta na ajiye muryar mijina.

Malam ya nuna mana fankar da ke sanyaya ta, ta cushe ba ta juyawa. Ya ce da an ba kwamfutar aiki sai zafi ya kashe ta, shi ya sa ba ta taɓa wuce farko ba. Sai ya tambayi Bitrus ko ya kwashe abin da ke ciki kafin ya fara. Bitrus ya ce a'a, niyyarsa ya goge ta tas don ta yi sauri, ai ya ɗauka waƙoƙin suna cikin wayar Hannatu.

Malam ya dube ni ya ce, "Mama, ki gode Allah. Da windon nan ya hau yadda kuka so, ko tarin mijinki ba za ki samu ba. Kyankyasan nan ne suka tare hanya."

Sai na zauna a kan benci.

Ya zare faifan ajiyar da waƙoƙin ke ciki, man bai kai gare shi ba. Ya jona a tasa kwamfutar ya danna. Sai na ji Baban Hannatu ya yi gyaran muryar nan tasa da yake yi kafin ya fara waƙa. A tsakiyar Fagge, ina warin amai, na fashe da kuka.

Da wannan muryar Hannatu ta shiga coci, ku shaida ne.

Har gobe ina ƙyamar kyankyaso, in na gan shi sai na take. Amma ina gode wa Ubangijin da ya sa abin ƙyama ya yi mini gadi. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi har a kan addu'ar da ya ƙi amsawa. Tawa ya ƙi, shi ya sa na sake jin muryar mijina. Yabo ga Yesu, amin.