Baƙuwarmu Ta Rufe Ɗaki

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza ungozoma, daga Bazaga.

Wata baturiya 'yar sa-kai ta zo aikin awon yara a garinmu, ta sauka gidana, munka sa mata suna Rakiya. Farkon zuwanta anka yi rasuwa a maƙwabta, ba ta je ta'aziyya ba. Wai a ƙasarsu ana barin mai baƙin ciki shi kaɗai. Mata sunka ji zafi, sunka daina kai yara awo. Sai da na ja ta har tabarmar makoki ta zauna, kana sunka huce.

To, satin nan anka bugo mata waya, mahaifiyarta ta rasu. Mata sunka cika gidana, kowacce da ƙwaryar gero. Ita kuwa ta rufe ɗaki, muna jin kukanta. Na ƙwanƙwasa, ta ce, "Inna, ku yi haƙuri, ku bar ni."

Ba mu shiga ba, ba mu kuma tashi ba, muna nan ƙofar ɗakin. Malam, ita ta koyi namu. Mu koyi nata mu watse, ko mu ci gaba da zama?