Wayoyin Samari Sun Hana Lasifikata Sakat

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro baki ɗaya. Sunana Nasiru, daga Illela. Ina kula da ɗan shagon yayana, inda samari ke buga ƙwallo da tseren mota a kwamfuta.

Tun bayan ƙaramar salla sauti ya lalace mini. Ana tsakiyar wasa sai lasifika ta ɗauki ƙara kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, muryar mai sharhin ƙwallo ta shaƙe. Na ɗauki kayan har Sakkwato wurin mai gyara. A can suka yi garau. Ya dube ni ya ce, "To mi kaka so in gyara? Lahiya lau suke."

Da na dawo na sa ido. Samarinmu kusan kowa layi biyu gare shi, na Najeriya da na Nijar, saboda zirga-zirgar Ƙonni da ke tsallaken iyaka. Suna shigowa sai su jibge wayoyinsu a jikin lasifika, su sa caji. Da waya ta shiga neman sabis, ƙarar ta taso.

Na hana caji. Ashe rabinsu cajin ne ke kawo su. Yanzu yayana, mai shagon, ya ce in aka ci gaba haka zai mai da wurin ma'ajiyar albasa.

Don Allah masana su ba ni shawara, yaya zan haɗa caji da sauti mai kyau a ɗaki ɗaya? Jiya sauti ya fita tas, amma ni kaɗai na ji shi.