Waƙar Jarkar Maganin Feshi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ka gafarce ni da na ci maka lokaci, ba halina ba ne kawo kuka rediyo.

Ni malama ce, ina koyar da matan aure a wata Islamiyya kusa da Zakirai. Shekara da shekaru ina roƙonsu su daina zuba ruwan sha a jarkar maganin feshi, ba su ji ba. Sai autana Nazifi ya yi waƙar hip hop a kai, ta shiga wayoyi. Wallahi matan suka ji, har yayata mai taurin kai ta jefar da jarkarta.

Ni ba na sauraron kiɗa, don haka na sa ya karanta mini baitocin da baki. Ban ji ƙarya ko batsa ba. Amma shugaban makarantar ya ce, "Malama, uwar mawaƙi ba za ta riƙe mana aji ba. Ko ya bari, ko ki bari."

Nazifi ya ce, "Inna, in kin ce in daina, na daina." Bakina ya ƙi faɗa.

Ranar Asabar suke jiran amsata. Don Allah a ba ni shawara kafin nan.