Kebul ɗin Firintar Baba

Auta: Salamu alaikum. Yaya? Kana ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam, Autar Mama! Ya gida? Ya ɗinki?

Auta: Lafiya lau. Ya shago? Ya Anti da yara?

Yaya: Duk ƙalau. Ya idon Baba?

Auta: Da sauƙi. Ya tafi asibiti a duba shi, yanzu zai dawo. Yaya... ya yara?

Yaya: Kin tambaya ai. Ke, me kika fasa?

Auta: Ban fasa komai ba. Ka tuna takardar da ka zana mini, ta kebul ɗin da zai haɗa tsohuwar kwamfutar Baba da firinta?

Yaya: Wanda na ce ki bari sai na zo?

Auta: Wata huɗu kana cewa sai ka zo! Na zaga kasuwa, kowa dariya yake yi mini, wai an daina irinsa. Shi kuma Baba ba ya iya karanta allon, kullum sai ya tambaye ni yaushe za a fitar masa da littafinsa a takarda. Sai na sayo kawunan kebul ɗin biyu da dalma, na...

Yaya: Kin me? Layin yana yankewa.

Auta: Na haɗa da kaina! Ni da nake zura zare a allura, waya ashirin da biyar ce za ta gagare ni?

Yaya: To, ya yi aiki?

Auta: Wari yake yi.

Yaya: Wari? Na me?

Auta: Kamar an manta ayan ɗin guga a kan leda. Allon ya yi fari, sai ya ɗauke.

Yaya: Innalillahi! Kin kashe soket?

Auta: Na kashe kwamfutar. Shekara goma sha ɗaya Baba yana rubuta tarihin gidanmu, babu kwafi ko ɗaya.

Yaya: Tsaya, nutsu. Da kika ƙirga haƙoran, ta ina kika kalli kan? Ta fuska ko ta baya?

Auta: Ta baya mana, inda ake liƙa dalmar. Daga hagu, ɗaya, biyu, kamar a zanenka.

Yaya: Zanena na fuska ne! In kin juya shi, ɗaya tana komawa dama!

Auta: To ai mu ta ciki muke ɗinki, sai an gama a juya.

Yaya: Riga ce? Duk kin haɗa su a birkice. Akwai lambobi ƙanana a jikin robar, ba ki gani ba?

Auta: Na ɗauka ado ne. Wayyo Allah! Rubutun ya ƙone ke nan?

Yaya: Ban ce ba. Wataƙila bakin da ake soka kebul ɗin ne kawai ya ƙone. Amma in aka sake kunna ta da kebul ɗin a jiki, ban san inda abin zai tsaya ba. Cire shi yanzu.

Auta: Ya ƙi fita. Na ɗaure kusoshin da filaya, don kar ya yi motsi.

Yaya: Kai, Auta! To zare babbar wayar daga bango.

Auta: Tana bayan kabad ɗin littattafai, ba na iya ture shi ni kaɗai. Ina tsakar gida ma yanzu, ɗakin babu sabis.

Yaya: Kulle ɗakin, ki riƙe makulli. Gobe da sassafe ina hanya.

Auta: In ce masa me? Da safe na ce masa yau zai riƙe littafinsa a hannu. Har sabon gilashi ya... Yaya, ƙofa. Ya dawo.

Yaya: Tare shi! Ba shi ruwa, ja shi da hira!

Auta: Sannu da zuwa, Baba! Ya asibitin? Baba, zo ka huta tukuna... Yaya, ya wuce ɗakin kai tsaye. Murmushi yake yi.

Yaya: Ki gaya masa gaskiya! Ba shi wayar!

Auta: Ya ja kujera. Baba! Baba, don Allah kar ka danna...

Yaya: Auta? Hello? Auta!